Kakana da Ya Shuka Kiri-kiri

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kakana, mahaifin babana, ya rasu a tsakiyar daminar bara, da hantsi, yana zaune a kan buzunsa. Ƙafarsa ɗaya tana cikin takalmin roba, ɗaya takalmin yana hannunsa, don shirin tafiya gona yake yi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, har da abin da ya yi wa gishirin kakata.

Na halarci zaman makoki da yawa a Hadejia, amma ban taɓa ganin wanda masu ta'aziyya suka sha wuya kamar nasa ba. Mutum zai zo ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce ya haƙuri. Daga nan sai ya so ya faɗi wani alheri na mamacin kamar yadda aka saba, sai ka ga ya tsaya yana lalube. Alherin yana nan tuli. Abin da ya hana shi ne duk ta inda ka ɗauko zancen kakana, sai ya kai ka ga ciyawa, kuma ba wanda yake so ya zama na farkon ambatonta a gaban iyalinsa.

Limamin unguwarmu ya ce, "Mutum ne da ba ya rasa sahun farko." Aka ce haka ne. Ya ƙara da cewa, "Kuma in ya sa abu a gaba, to ya sa shi." Wani a bayan rumfa ya yi tarin da ba na mura ba.

Wani tsohon abokinsa da ya zo daga Kaugama bai iya wannan kwana-kwanar ba. Ya share hawaye da hannun riga ya ce, "Tun muna da baƙin gemu nake ce masa ya shuka shinkafa kamar kowa. Allah ya jiƙan mai taurin kai." Amin ɗin da aka amsa ta fi ta kowace addu'a ƙarfi a ranar.

A cikin gida kuwa, kakata, wadda muke kira Iya, tana zaune mata sun kewaye ta. Wata ta ce mata sai haƙuri, an yi rashin babban bango. Iya ta ce, "Yanzu dai miyata za ta ga gishiri." Ta ja mayafi ta rufe fuska, aka daɗe ba a ga fuskar ba.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi. Amma gaskiya akwai dalili na biyu: har yanzu haushinsa nake ji, kuma wanda na saba sauke wa haushin ba ya nan. Babana ya rasu ina ƙarami, a hannun kakana na tashi. Ni ina kiransa Tsoho, shi yana kirana Raggo, kuma wasan jika da kaka ya ba ni damar gaya masa abin da 'ya'yan cikinsa ba su isa su faɗa ba. Na gaya masa kuwa, ba sau ɗaya ba. Bai taɓa ji ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san kiri-kiri. Ciyawa ce mai rarrafe, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Ka sare ta gida goma, ka samu ciyawa goma. Manomi yana kashe ƙarfinsa ne don ya raba gonarsa da ita. Tsoho shi kaɗai ne a duk fadamar Hadejia da ya ware gona, ya yi fangali, ya shuka kiri-kiri da hannunsa, yana kuma korar awakin da suka zo ci.

Abin ya samo asali ne tun yana saurayi, lokacin da ya yi aiki a wani gidan binciken noma, yana wanke kwalabe yana yanka saiwoyi ga masu bincike har shi ma hannunsa ya faɗa. Da ya yi ritaya, wasu sun dawo gida da keken ɗinki, wasu da injin niƙa. Shi ya dawo da tsohon madubin likita, irin wanda ake leƙa abin da ido ba ya gani, da wasu 'yan kwalabe na jan ruwa mai warin tsami. Ya naɗe madubin a cikin sabon zanen Iya. Rigimarsu ta farko a kan wannan sha'ani ke nan.

Gonar tana kan hanyar Auyo, wani siririn fili da ya gangaro daga ɗan tudu zuwa bakin ruwa. Kwarinta ƙasa ce mai kyau, don ambaliya tana wanke ta kowace shekara. Tudun kuwa kanwa ta ci shi. Da rani sai ƙasar ta yi fari fat, ta yi ɓawo, in ka taka ta yi ƙara kamar ka taka busasshen ƙanzo. An gwada shinkafa ta ƙi, an gwada dawa ta ƙi. Tsoho ya lura cewa a kan farin nan ba abin da ke rayuwa sai kiri-kiri, kuma ba kowace kiri-kiri ba. In ya ciro ta kwari ya dasa a tudu, sai ta mutu da rani. Ta tudun kuwa tana nan kore shar. A ido kuma ciyawa ɗaya ce, ganye ɗaya, rarrafe ɗaya.

Wani zai ce ikon Allah ya wuce abinsa. Tsoho ya ce ikon Allah, sannan ya kwance zanen Iya.

Bayanin da ya yi mini, wanda na ji har na haddace ba da son raina ba, shi ne wannan. Jikin kowane tsiro an gina shi ne da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna, a cikin kowane ɗaki kuma akwai wasu 'yan igiyoyi da ke ɗauke da gadon tsiron, duk abin da ya ɗauko daga iyayensa. Masu bincike suna ce musu kuromosom, shi kuwa 'yan igiya yake cewa. Ya yanki bakin saiwar ciyawar kwari, ya jiƙa a jan ruwansa, ya matse a gilashi, ya ƙirga, ya samu goma sha takwas. Ya ƙirga na ciyawar tudu ya samu talatin da shida, ninki biyu cif. Tun daga ranar ciyawar ta samu suna a gidanmu: 'Yar sha takwas da 'Yar talatin da shida. Yana ambatonsu kamar 'ya'yan maƙwabta.

"Mai ninki ita ke jure kanwa," in ji shi. "Amma a ƙasa mai daɗi ba ta da sauri, 'yar'uwarta sai ta rufe ta. Kowace da wurinta. A gonata dai haka na gani, ban san ta wani ba."

Da safe yake yankan saiwar, rana ta ɗan ɗaga, wai lokacin ne 'yan igiyar suke fitowa fili. Sai ya kafa madubin a bakin zaure inda haske ke shigowa, ya ƙwala mini kira.

"Raggo, zo ka gani."

"Tsoho, ina da aiki. Injin mutane yana jirana." Gyaran injin ban-ruwa nake yi, sana'ata ke nan.

"Injin ba zai gudu ba. Rufe ido ɗaya. Me ka gani?"

"Datti."

"Ƙirga dattin."

"Tsoho, kamar an watsa garin barkono a ruwa."

"Kai dai Allah ya yi maka ido biyu don ado kawai."

Na girma, na yi aure, na haifi 'ya'ya, ban taɓa ganin igiya ko ɗaya ba. Shi kuma bai taɓa fasa kirana ba.

Tsarin gonar kansa abin haushi ne. Fangali-fangali ya yi daga tudu har kwari, wannan na 'Yar sha takwas, na kusa da shi na 'Yar talatin da shida, da ɗan lambatu a tsakani. Kowane fangali da sanda a kansa: jan tsumma na mai ninki, baƙin tsumma na ɗayar. Mutanen da ke wucewa sun daɗe suna zaton asiri ne. Aikinsa na kullum shi ne ya bi lambatun da lauje yana datse duk reshen da ya yi rarrafe zai tsallaka wajen 'yar'uwarsa. Kowace damina kuma sai ya sake dasa 'Yar sha takwas a kan kanwa. Kowane rani sai ta bushe. Sai ya dawo gida a kan kekensa yana murna kamar an yi masa albishir da Makka.

"Ta sake mutuwa!"

Ranar farko da maƙwabciyarmu ta ji haka ta kan katanga, salati ta saka ta shigo da gudu tana tambayar wa ya rasu.

Na ce masa, "Tsoho, bara ta mutu, bara waccan ta mutu. Me kake nema kuma?"

Ya ce, "Shekara ɗaya tana iya yin ƙarya."

"Shekara ashirin fa?"

"To ai shi ya sa nake ƙara tambaya."

Duk wannan da sauƙi a kan maganar gishiri. Gona ba ta ishe shi ba, sai da ya jera gwangwanaye a bayan ɗakin Iya, kowanne da ciyawa a ciki, yana ba su ruwan gishiri da ruwan kanwa, wannan kaɗan, wannan da yawa, don ya ga inda kowace za ta sare. Gishirin kuma ba saye yake yi ba. Na kicin yake ɗiba. Iya za ta ɗora miyar kuka, ta kai hannu kwanon gishiri, ta tarar da shi kamar an lashe. Ta ɓoye a cikin tukunya, ya gano. Ta ɓoye a ƙarƙashin gado cikin kwallar aurenta, ya gano. Ta taɓa ɗaure shi a leda ta rataye a cikin rijiya, sai ga shi ya jawo guga yana cewa ruwa yake nema.

"Malam, ina gishirina?"

"Wane gishiri?"

"Wanda ke manne a gemunka."

"Ai ɗan kaɗan na ara."

"Aro ake mayarwa. Ka taɓa mayarwa? Mutane suna ciyar da iyali, kai kana ciyar da ciyawa da abincin iyali."

Ran nan haka muka sha miya salam. Tsoho ya cinye tuwonsa tas, ya ce bai taɓa cin miya mai daɗin ta yau ba, gishiri ma ai likitoci sun ce yana hawan da jini. Iya ta juyo gare ni, don a wasanmu ni ne maigidanta, ta ce, "Maigida, ka ga abin da ya sa na fi son ka. Kai ko ba ka kawo ba, ba ka ɗauka."

Rigimar da ba ta wasa ba ita ce tsakaninsa da Baffa, yayan babana, wanda shi ke noma babbar gonar shinkafar gidan. Baffa mutum ne mai lissafi, kuma ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Maƙwabtan gona suna kawo masa ƙara cewa ciyawar Tsoho tana tsallaka musu. A kasuwa ana nuna shi ana cewa ga ɗan mai noman kiri-kiri. Ga kuma wani mai kiwon tarwaɗa da ya daɗe yana son filin don ya haƙa ramukan kifi, tun da yana kusa da ruwa. Wata rana Baffa ya zauna a gaban mahaifinsa, ya cire hula, ya yi magana cikin ladabi.

"Baba, girma ya zo. Filin nan ba ya kawo ko tiya ɗaya. A bar wa mai kifin nan, ka huta, mu ma mu huta da bakin mutane."

Tsoho ya ce, "Kanwa tana ƙaruwa a fadamar nan, ka sani ko ba ka sani ba? Duk inda ake ban-ruwa rana tana shanyewa, farin nan yana biyowa. Wata rana za a nemi abin da zai rufe ƙasar, dabba ta samu na ci. Ranar za a zo neman 'Yar talatin da shida."

"Baba, ciyawa ce fa."

"Kai ma da aka haife ka ba ka kawo ko tiya ɗaya ba, ban bayar da kai ba."

Baffa ya mayar da hularsa ya fita. Sun yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su.

Amma a nan dole in faɗi abin da ya sa ba na iya riƙe haushinsa har ƙarshe. Wata shekara ruwa ya yi jinkiri, bazara ta yi tsawo, dabbobi suna faɗuwa. Wani Bafulatani da ke zaune kusa da gonar yana da saniya mai shayarwa da ta kasa tashi. Duk fadamar ba kore sai a kan farin tudun Tsoho. Mutumin bai roƙa ba, don ya san Tsoho ko akuya ta leƙa sai ya bi ta da sanda. Tsoho da kansa ya ɗauki lauje ya yanke fangalin da ya fi ji da shi, ya ɗaure a bayan keke ya kai masa, ya yi ta kaiwa har ruwa ya sauka. Bai gaya wa kowa ba. Mu dai mun ga ya daina zancen ciyawa a wajen cin abinci, muka ɗauka Allah ne ya karɓi addu'armu. Sai a zaman makoki mutumin ya zo da ƙwaryar nono, ya ba da labarin. Shi kaɗai ne ya ambaci sunan kiri-kiri a rumfar nan ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

A shekarunsa na ƙarshe jan ruwan ya ƙare, ba a kuma samun irinsa a nan kusa. Idonsa ma ya yi yana, ko layin Alƙur'ani sai mai manyan baƙi. Madubin ya koma cikin zane. Daga nan ba mai iya ƙirga igiya a gidanmu, ba kuma a duk garin da na sani. Abin da kawai ya rage da ke bambanta ciyawar biyu shi ne fangali da tsumma. Ni nake kai shi gonar a babur, in ruwa ya cika mu ƙarasa a kwale-kwale. Yana tafe yana shafa sandunan kamar mai gaisawa da jama'a.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, muna tsaye a kan tudun, ya kama hannuna.

"Raggo, ba ni da abin da zan bar maka. Ubanka ya riga ni, ka san ba ka da gado a wurina."

"Na sani, Tsoho. Ban ce ina so ba."

"To ga aiki na bar maka. Kada ka bari su haɗu. In suka haɗu ba mai raba su."

Na ce, "Wato mutane suna barin gida da gona, ni ciyawa aka bar mini, ita ma ba tawa ba."

Ya yi dariya har da tari. Na ce masa to, na ji. Na faɗa ne don ya sake mini hannu, amma na faɗa, kuma shi ne alkawari na ƙarshe da ya shiga tsakaninmu.

Ko sadakar bakwai ba a yi ba alkawarin ya karye, kuma alheri ne ya karya shi.

A wajenmu in manomi ya rasu da damina, maƙwabtan gona sukan yi gayya su nome masa gonarsa, don iyalinsa suna zaman makoki, kada shuka ta lalace. Haka suka yi mana, Allah ya saka musu. Suka taru da fartanyoyinsu suka nome gonar shinkafa. Suka gama da sauran rana. Sai babbansu, wani dattijo da gonarsa ke jikin ta Tsoho, ya dubi fangalin kiri-kiri ya ce ai ba a bar wannan haka ba.

Da la'asar ya zo rumfar makoki, ƙafafunsa duk taɓo, fuskarsa cike da farin ciki. Ya durƙusa a gaban Baffa, ni ina gefe.

"Mun gama shinkafa. Sannan mun rufa wa Malam asiri. Yana raye ya hana mu taimaka masa, yanzu kam Allah ya ba mu dama. Ba za a wuce ana nuna gonar mamaci ana cewa ciyawa ta cinye ta ba."

Na ce, "Baba, wace gonar?"

"Ta tudun nan mana. Har saiwa muka bi muka tone, ɗaya bayan ɗaya. Mun tara a kan kunya, in ta sha iska a sa wuta. Tsummokaran nan ma mun cire, Allah ya sa ba wani abu ba ne."

Mutum ya yini yana tona ƙasa saboda kakanka, bai karɓi ko ruwan sha ba, me za ka ce masa? Na ce Allah ya saka da alheri. Ban taɓa yin addu'ar da ta yi mini ɗaci a baki kamar wannan ba. Baffa ya yi godiya shi ma, kuma na ga kafaɗunsa sun sauka kamar an ɗauke masa buhu.

Na shiga na gaya wa Iya. Na zaci za ta ce an huta. Sai kawai ta ci gaba da jan carbinta. Wanda ya san Iya ya san shirunta ba ƙaramin abu ba ne, amma a lokacin hankalina ba ya wurin.

Washegari na je. Gonar ta yi fes, an share ta kamar tsakar gidan amarya. A kan kunya ga tsibin ciyawa ya kai ƙuguna, 'Yar sha takwas da 'Yar talatin da shida sun cakuɗe, sandunan suna gefe an ɗaure su wuri ɗaya don itacen girki. Na ɗauki reshe biyu na ɗaga su a rana ina dubawa, kamar yau ne idona zai fara aiki. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ina kuka ina yi masa faɗa: da ka shuka shinkafa kamar kowa, da yanzu ina gida ina karɓar gaisuwa kamar kowane jika.

Ruwan sama ne ya hana a sa wutar. Tsibin ya jiƙe, kiri-kiri kuwa ba ta san an kashe ta ba, har ta fara fitar da fararen saiwoyi. Ba wata dabara ce ta zo mini ba. Na dai kasa barin ta a wurin. Na rufe shago, na ɗauki fartanya, na riƙa zaro reshe ɗaya-ɗaya ina dasawa, kowanne a raminsa da tazara, tun daga kan tudu har kwari, ban san wace ce wace ba. Maƙwabcin da ya jagoranci gayya ya zo wucewa, ya tsaya ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ashe abin a jini yake." Ya tafi yana girgiza kai.

Baffa bai hana ni ba. Ya dai ce, "Ka yi wahalarka. Iya tana fita takaba za a raba gado, mai kifi kuma yana jira. Ka san ba ka da ta cewa." Na sani. 'Yan'uwansa mata duk sun bar masa wuƙa da nama. Na ci gaba da zuwa duk Juma'a da safe ina datse rassan da ke neman haɗuwa, ina jin haushin kaina, ina jin haushin wanda ya sa ni.

Ruwa ya janye, aka yi girbi, ƙasa ta bushe. Farin kanwa ya fara fitowa a tudu kamar kullum. A kwari duk abin da na dasa ya kama. A tudu kuwa sai na ga wani abu: wannan rami kore, na kusa da shi ya yi ja ya bushe, na gaba kore, biyu a jere matattu, haka har ƙarshen filin. Rana ɗaya ta dake su, ƙasa ɗaya, hannu ɗaya ya dasa su. Na tsaya a tsakiyarsu ina kallo. Abin da Tsoho ya yi shekara da shekaru yana kirana in leƙa a madubi ban gani ba, ga shi a shimfiɗe a ƙasa, ko makaho ya shafa zai ji. Duk wadda ta rayu a kan kanwa mai ninki ce. Ya ce in suka haɗu ba mai raba su, ga shi ƙasar ta raba. A wannan kaɗai ya yi kuskure, kuma ba ya nan balle in yi masa dariya.

Iya ta fita takaba. Aka sa ranar rabon gado, aka kira malamin da zai raba. Ana gobe za a zauna, ta kira ni.

"Maigida, tayar da babur ɗinka. Ina so in ga wurin."

Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka gonar nan ba. Ta sha rantsuwa cewa ba za ta je kallon abin da ya cinye mata gishiri ba. Na ɗauke ta, Baffa ya biyo mu a nasa babur ɗin, yana zaton sallama za ta yi da filin.

Ta sauka ta taka ɓawon kanwar a hankali. Ta sunkuya ta ɗanɗana ƙasar a bakinta, ta tofar. Ta nuna wani kore da ƙafa.

"Wannan wace ce?"

"'Yar talatin da shida ce, Iya."

"Wannan busasshiyar fa?"

"'Yar sha takwas."

Ta daɗe tana kallon busasshiyar. Sannan ta ce, a hankali, ba da murnar da shi yake faɗa ba, "Ta sake mutuwa."

Ta gyara mayafinta ta juya wajen Baffa.

"Gobe in malam ya zo, tumunina na gado a nan za a fitar mini. Tudun nan nake so."

Baffa ya ce, "Iya, ga gonar shinkafa, ga gida. Wannan ko gero ba ya yi. Me za ki yi da shi?"

"Gishirin miyata ciyawar nan ta sha shekara da shekaru. Tawa ce. Ba mai zuba mata tarwaɗa."

Mutum yana iya jayayya da ubansa wata guda, amma ban ga wanda ya yi da Iya ya kai la'asar ba. Aka raba gado, tudun ya faɗa rabonta, mai kifi ya nemi wani wuri.

Ni kuwa ga ni nan. Ba ni da ko taku ɗaya a filin, amma duk Juma'a ina can da lauje. Na yanka sabon jan tsumma na ɗaura. A kasuwa an fara nuna ni. Wannan duk aikin Tsoho ne, ya tafi ya bar ni da abin da na fi tsana, kuma ya san ba zan iya yarwa ba.

Rannan zan fita, Iya ta kira ni bakin kicin. Ta miƙo mini ƙullin leda. Na taɓa na ji gishiri ne.

Na ce, "Iya, na mene ne?"

"Na gwangwanayen bayan ɗaki. Sun bushe, ka sake dasawa." Ta juya tana gyara itacen murhu, ba ta dube ni ba. "In ya ƙare ka zo ka tambaya. Shi bai taɓa tambaya ba. Da ya tambaya ko sau ɗaya, ai da na ba shi."

Allah ya jiƙanka, Tsoho. Allah ya sa kabarinka ya fi tudunka kore.